Ranar da Na Ci Tuwo a Gidan Baffa

Wata takwas ke nan ban sa dafaffen abu a bakina ba lokacin da saƙon Baffa ya iso. Ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba tuwo, ko ruwan shayi ba na sha. Abincina shi ne abin da aka tsinko ko aka tono, a wanke a yayyanka: kabeji, karas, tumatir, gurji, yalo, gwanda, kankana, dabino, aya, da ɗanyar gyaɗa da nake jiƙawa ta kwana a ruwa. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa a Bebeji ce ta nuna mini wannan tsari a wayarta, a lokacin da kumburin ciki da nauyin jiki suka ishe ni. Na ce bari in gwada na wata guda. Da na ji jikina ya yi sakayau, sai na zarce. Maigidana ya yi tsokanarsa har ya gaji ya bari.

A gida ba ni da matsala. Matsalar tana wajen biki da suna da gaisuwar mutuwa, inda ake turo wa mutum kwano tun kafin ya gama zama. Na koyi dabaru. Wani wuri in ce yanzu na ci, wani wuri in ce a juye mini a leda zan tafi da shi, in kai wa yara. Har zuwa ranar da zan ba da labarinta, dabarun nan ba su taɓa ba ni kunya ba.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a wani ƙauye gaba da Doguwa, kuma shekara goma sha ɗaya babu wanda ya taka gidansa daga cikinmu. Dalili kuwa, mahaifinmu ya je wurinsa kan maganar wata gonar gado, suka yi musu mai zafi, ya ci abinci a can, ya dawo gida da ciwon ciki. Kwana tara ya yi ya rasu. A asibiti an ce hanta ce, kuma ta daɗe tana cinsa. Amma a unguwa ba haka aka ce ba. Cewa aka yi an ba shi wani abu a tuwo. Babu wanda ya faɗa a gaban Baffa, sai dai ya ji. Ranar da ya zo zaman makoki ya wuni a tabarmar ƙofar gida, ko ruwa ba a fito masa da shi ba. Da yamma ya tashi ya tafi, bai sake dawowa ba.

Saƙon ya ce Baffa yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana son ganin 'ya'yan ɗan'uwansa. Yayana, wanda yake sayar da hatsi a Kiru, ya ce ba inda za shi. Mahaifiyarmu ce ta ce mu je. "Tsoho ne, kuma ƙanin ubanku ne," in ji ta. "Ku je ku gaishe shi. Amma dai..." Sai ta ci gaba da tsince shinkafarta. Mu duka mun san abin da ta haɗiye.

Ranar Alhamis muka sa, a ƙarshen damina. Yaya ya zo ɗaukata da sassafe yana ta danna hon, wai dole mu je mu dawo mu fito daga dajin Falgore da sauran rana. Cikin gaggawa na bar kular da na cika da yankakkun kayan lambu a kan dakalin ƙofar gida. Sai da muka wuce Ƙofa na tuna.

"Yaya, na manta abincina."

"Ba zan koma ba," ya ce. "Ni ma ba abin da zan ci yau. Azumi nake."

Na dube shi. Yaya mai sallah ne a kan lokaci, amma ban san shi da azumin Alhamis ba.

"Saboda gidan Baffa ka ɗauka?"

"Saboda Allah na ɗauka. Ke ma in an kawo abinci, ki ce azumi kike."

Na ce ba zan yi ƙarya da ibada ba, kuma ba na buƙata, tunda ni dama ba na cin dafaffe, zan yi musu bayani kawai.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Bayani? A ƙauye za ki ce wa tsohuwa ba kya cin abin da wuta ta taɓa? Wa zai yarda da ke?"

A Kwanar Dangora na roƙe shi ya tsaya, don yunwa ta fara damuna. Na shiga rumfar wata mai shinkafa da wake da na hango tana da tiren kabeji da latas. Na gaishe ta, na ce ta yanka mini kabeji da tumatir da albasa kawai.

"Da shinkafar nawa?"

"Babu shinkafa."

"Wake zalla?"

"Shi ma babu. Ganyen kawai. Kada ki sa mai, kada ki sa ƙuli."

Ta ajiye cokalin, ta kalle ni sama da ƙasa. Direbobin da ke kan benci suka daina taunawa. Ta ɗauki wuƙar da ta gama yanka dafaffen ƙwai da ita, na ce don Allah ta ɗauraye ta tukuna. Nan ranta ya ɓaci.

"Hajiya, shekara nawa ina sayar da abinci a nan, ba wanda ya taɓa ce mini ƙazama."

Na rantse mata ba haka nake nufi ba. Wani dattijo a cikin direbobin ya ce, "Ki yi mata, ƙila ciwon sukari gare ta." Na bar shi a haka don a zauna lafiya. Ta yanka tana ƙunƙuni, na ci a tsaye, kowa yana kallon bakina, Yaya kuma yana ta hon daga bakin titi. Ban ko ci rabi ba na fito. A mota na yi ta tunani: in baƙuwar da ba ta san ni ba ta ji haushi haka a kan wuƙa, yaya ke nan a gidan da za mu?

A Tudun Wada muka haɗu da babban ɗan Baffa. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa lokacin da ake kai mu hutu can. An ce ya jira mu ya nuna mana hanya, don ruwa ya cinye tsohuwar hanyar ƙauyen. Kafin ya ƙaraso na sayi goba a bakin kasuwa, na wanke da ruwan leda, ina tsaye jikin mota ina ci. Haka ya same ni, da goba a baki. Muka gaisa a ɗarare, kamar waɗanda aka haɗa a ofis. Yaya ya dubi gobar, ya dube ni, ya kau da kai. Ko da a ce zan canza ra'ayi in fake da azumi, ƙofar ta rufe.

Muka shiga daji. Titi ne miƙaƙƙe, itatuwa da doguwar ciyawa hagu da dama, ba gida ba rumfa. Motoci suna bin juna kurkusa, ba mai son a bar shi a baya. Ɗan Baffa yana gaba kusa da Yaya, ni ina baya. Sau ɗaya ɗan Baffa ya yi magana, ya ce Inna, wato mahaifiyarsa, tun jiya take shiri, har kaji biyu ta sa aka yanka. 

Mun isa wajen sha ɗaya da rabi. Gidan ya tsufa fiye da yadda nake tunawa, amma rumbunan suna nan inda na san su, ga sabuwar masara an baza a tsakar gida. Inna ta fito daga madafi tana goge hannu a zani. Ta rama sosai. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kafaɗata ta ɗaga ni, tana ta cewa, "Lale, lale, 'yar nan, ashe za a gana." Warin hayaƙi da man shanu yana jikinta.

Baffa yana kwance a kan katifa a ɗakinsa, ƙafafunsa sun kumbura. Da na ga fuskarsa sai gabana ya faɗi, don fuskar mahaifinmu ce sak, har da yadda yake ɗaga gira ɗaya. Sunan kakarmu aka sa mini, shi ya sa tun ina ƙarama ba ya kiran sunana.

"Uwata," ya ce. "Kin zo."

"Na zo, Baffa. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah."

Yaya ya gaishe shi daga bakin ƙofa, gaisuwa cikakkiya, ba ragi, amma bai matso ba. Aka yi tambayar mutanen gida, aka yi maganar damina. Ba a jima ba Baffa ya ce a kawo abinci nan ɗakin, yana son ya ga muna ci.

Inna da kanta ta shigo da shi. Tuwon sabuwar masara a babban kwano, miyar kuɓewa man shanu yana yawo a kanta, kaza a wani kwanon daban, sai ƙwaryar fura da nono da ta ce Fulanin da ke bayan gari suka kawo da safe. Ta ajiye ruwan wanke hannu a gaban Yaya.

"Alhamdu lillahi, Inna, azumi nake," ya ce.

Alhamis ce, ba mai iya cewa komai.  Inna ta ce, "To, Allah ya karɓa," ta janyo ruwan ta ajiye a gabana.

Na fara bayanin da na tsara tun a hanya. Na ce wata takwas ke nan ba na cin dafaffen abinci ko abin da ya fito daga dabba, saboda cikina. Na ce ko a gidana haka nake, ko a gidan mahaifiyata. Na ce in akwai gurji ko ɗanyar gyaɗa, su za su ishe ni. Ina magana ina jin yadda maganar take fita ba kan gado.

"Likita ne ya hana ki?" Inna ta tambaya.

Da na ce e, da wataƙila an wuce wurin. Amma na ce, "A'a, ni na ga dama."

"Wane irin ciwo ne yake hana mutum tuwo?"

"Ba ciwo ba ne sosai, Inna. Tsari ne."

Ɗan Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. A hankali ya ce, "Na ga tana cin goba a Tudun Wada." Ban san ko taimakona yake son yi ba, ko nufinsa in nuna abin kasuwa na ci, nasu ne ba zan ci ba.

 Inna ta durƙusa, ta wanke hannunta a ruwan da ta kawo mini. Ta gutsuri tuwon daga gefen da ke gabana, ta dangwali miya, ta kai baki. Ta juya kwanon, ta gutsura daga wani gefen. Ta sake juyawa. Sai da ta zagaye kwanon kaf. Ta yagi naman kaza ta ci. Ta ɗaga ƙwaryar fura ta kurɓa. Tana haɗiya da ƙyar, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Tsohuwar da ta goya ni a bayanta ce take ɗanɗana mini abinci don in ga ba guba.

"Bari," Baffa ya ce mata. "Bar ta." Ya juya fuskarsa wajen bango. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matsa. "Uwata, ban kashe ɗan'uwana ba. Zan tafi inda ya tafi, in same shi. Ban kashe shi ba."

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ja ruwan na wanke hannu, na yi bismillah, na kai loma. Na ji Yaya ya motsa a bayana, na ƙi waiwayawa.

Ba zan ɓoye ba, tuwon ya yi daɗi. Ɗuminsa ya bi maƙogwarona har sai da idona ya kawo ruwa. Na ci loma ta biyu, ta uku, na daina ƙirgawa. Inna ta tura mini cinyar kaza, na ci. Ta miƙo fura, na sha da yawa, don ina jin idon Baffa a kaina, ya juyo daga bango.

Bayan nan ne bakinsa ya buɗe. Ya ce ranar da mahaifinmu ya zo, loma biyu kawai ya yi ya ture kwanon, ya ce cikinsa ya daɗe yana damunsa. Ya ce sun yi faɗa, gaskiya ne, ya faɗa masa maganganun da har yau yake nadama. Ya ce gonar tana nan, mu ɗauki abinmu. Yaya ya ce ba gona ce ta kawo mu ba. Amma ya matso ya zauna a bakin katifar.

Ina sallar azahar a ɗakin Inna cikina ya fara murɗawa. A raka'a ta uku na ji kamar an ɗaure hanjina da igiya ana ja. Na sallame, na zauna a kan abin sallah ina zufa. Abin da ya fara zuwa mini shi ne banɗaki, amma banɗakin yana tsakar gida, kusa da inda matan gidan ke ɓarar masara. In na shiga na yi amai, kowa zai ji. In kuwa Yaya ya ji, na san abin da zai biyo baya. Na goge fuskata da mayafi, na fito ina murmushi.

Sallama ta yi tsawo. Inna ta sa aka zuba mana masara da gyaɗa da kabewa a but ɗin mota. Ta riƙe hannuna tana ba ni saƙon gaisuwa ga mahaifiyarmu, tana maimaitawa. Ta ce hannuna ya yi sanyi. Na ce alwala ce. Baffa ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina durƙushe ina danne cikina da gwiwar hannu. Ɗansa ya raka mu a babur har bakin titi, ya juya.

Na zauna a baya, na ce ina son in miƙe ƙafa. Muna wuce Doguwa Yaya ya fara faɗa.

"Me ya kai ki? Wata takwas kina wahalar da mutane da ganye, yau da ya kamata ki riƙe abinki sai ki saki?"

"Ka ga abin da Inna ta yi."

"Na gani."

 Muka shiga daji. Ciwon yana zuwa yana lafawa, kowane zuwa ya fi na baya. Ina kallon ciyawa tana wucewa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A nan ne wani tunani ya shigo mini wanda har yau nake jin kunyarsa. Na tuna mahaifinmu a kan wannan titin, cikin wata motar, yana riƙe da cikinsa. Na ce a raina, in fa gaskiya ne? In fa Inna ta san inda ta gutsura? Ni da na ga hawayenta da idona, ni ce nake wannan tunani. Tsoron ya ƙara wa cikin wuta.

"Yaya, tsaya kaɗan."

"A nan? Ba mai tsayawa a nan. Me ya faru?"

 Na zazzage ragowar gobar a kan kujera, na kafa bakina a ledar. Motar ta yi tangal-tangal, don ya waiwayo gaba ɗaya.

"Innalillahi! Sun yi! Wallahi sun sake yi!"

Ya taka birki, motar da ke bayanmu ta wuce tana zaginmu da hon. Ya ce juyawa zai yi. Na ce in ya juya, kafin mu kai wani asibiti na mutu, ya kai ni Tudun Wada. Ba don na yarda zan mutu na faɗi haka ba, so nake in nisanta shi da ƙauyen. Ya zaro waya, babu sabis. Ya jefar da ita kan kujera, ya taka mota. Ban taɓa ganin Yaya yana gudu irin na ranar ba. Yana tuƙi yana magana shi kaɗai, yana lissafa waɗanda zai kira: mahaifiyarmu, ƙannenmu maza, mai gari, 'yan sanda. Na sake yin amai sau biyu kafin mu fita daga dajin.

Muna hango gidajen farko wayar ta fara ƙara, saƙonni suna shigowa. Ya miƙa hannu, na riga shi. Na tura ta cikin jakata na rungume.

"Ba ni wayata."

"Sai an duba ni."

"Ke, ni kike yi wa haka?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Sai an duba ni. In an ce guba ce, ni da kaina zan kira."

Ya tsaya a wani ƙaramin asibitin kuɗi da muka gani a bakin hanya. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta kwantar da ni, ta auna jinina, ta danna cikina nan da can. Ta tambayi abin da na ci, na faɗa mata. Ta tambayi abin da na ci jiya da shekaranjiya. Da na gaya mata yadda nake ci wata takwas, sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Wata takwas ba mai, ba nono, ba nama, yau kuma kika haɗa man shanu da kaza da fura a zama ɗaya, kika hau mota? Malama, me kike so cikin ya yi?"

Yaya yana tsaye a ƙofa. "Ba guba ba ce?"

Ta ce ita ba za ta rantse a kan abin da ba ta gwada ba, amma ba ta ga alamar da za ta tayar mata da hankali ba. Ta tambaya ko wani ya ci abincin. Na ce wadda ta dafa ta ci a gabanmu.

"Ta san gefen da ta ci," in ji Yaya.

"Ta zagaye kwanon, Yaya. Kana zaune. Ta sha furar a ƙwarya ɗaya da ni."

Ina faɗa masa, ina faɗa wa kaina. Matar ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ta ce in riƙa kurɓa a hankali. Ta ja fatar idona ta duba, ta ce abin da ya fi damunta ba aman ba ne, jinina ne ya yi ƙasa, in je a gwada ni cikin satin nan, kada in yi wasa.

Ina cikin kurɓa wayar ta yi ƙara a jakata. Na duba, ɗan Baffa ne. Na rasa yadda zan yi. In na ƙi ɗauka za su shiga damuwa, in na ɗauka muryata za ta tona ni. Na miƙa wa Yaya. Ya karɓa, ya tsaya yana kallon sunan, tana ta ƙara har na zaci za ta katse. Sannan ya kai kunne.

Ina jiyo muryar daga inda nake kwance. Yana tambaya ko mun fita daga daji, wai Baffa ya hana kowa sakat sai an kira.

Yaya ya dube ni. Na girgiza masa kai, ban ma san me nake roƙo ba.

"Mun fito," ya ce. "Muna Tudun Wada." Aka yi wata tambayar. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ka ce wa Inna mun gode da ɗawainiya."

Ya kashe wayar, ya fita waje. Ta taga na hango shi zaune a kan wani dutse, ya dafe kansa da hannu biyu. Ya daɗe a haka.

Mun kai kusan awa guda a wurin kafin cikin ya lafa. A Kwanar Dangora Yaya ya tsaya ya sha ruwa da aka kira magariba. Ya dawo mota ya ce, "Kada ki gaya wa Umma." Na ce dama ba ni da niyya.

Gidan mahaifiyarmu muka fara sauka don mu ajiye mata kayan da Inna ta bayar. Ta dubi masarar, ta dubi fuskata, ta ce na yi fari. Na ce hanya ce. Ta tambayi jikin Baffa, Yaya ya ce sai addu'a. Ta ce, "Ya tsufa ko?" Na ce ya tsufa, kuma kamarsu ɗaya da Baba yanzu. Ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har muka tafi.

Kwana biyu na yi ina jin jiki, a na uku na koma makaranta. Na je gwajin jinin, ya nuna abin da matar ta faɗa, aka rubuta mini magani. Likita ya ce in ba zan ci nama ba, to lallai in dawo da dafaffen wake da ganye. Na yi gardama da kaina na sati biyu, sannan na ɗora tukunya. Har yanzu yawancin abincina ɗanye ne, kuma in zan je gidan mutane nakan kira tun kafin in taso in faɗa musu abin da nake ci, don kada a yanka kaza saboda ni.

Baffa ya ƙara wata huɗu a duniya. A cikin watannin nan Yaya ya koma dubo shi sau biyu, shi kaɗai, bai gaya mini ba sai daga baya. Da Baffa ya rasu, mu uku muka tafi gaisuwa, har da Umma a gaban mota.